Abin da Baffa Ya Bari a Layin Pitt

Shanghai, 11 ga Oktoba, 1999

Huilan, 'yar yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗanki Zhiwei. Ni dai jiki da sauƙi. Gwiwa ce ke ƙara in zan tashi, kunne kuma ya ƙara nauyi, shi ya sa nake roƙon ki daina wahalar da kanki da waya. Ranar da kika buga, muryarki kamar daga ƙasan rijiya take fitowa, na yi ta cewa “to, to” ban san abin da nake amsawa ba.

Kin ji an rushe lungunmu. Sun ba ni ɗaki biyu a hawa na goma sha bakwai, can ƙetaren kogi. Akwai ruwan zafi, akwai ban-ɗaki nawa ni kaɗai, ba sai na bi layi da safe ba. Maƙwabcina ban san sunansa ba. Takalmansa dai na sani, domin a bakin ƙofa yake barin su. Tun rasuwar matata, gwaggonki Yuzhen, nakan yi kwana uku ban buɗe baki ba sai don cin abinci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani labari ne da na gani a jarida. An ce masassaƙan garin nan sun sassaƙa wata babbar ƙofa, an loda ta gunduwa-gunduwa a jirgin ruwa, za a kafa ta a unguwarmu ta Sinawa da ke Liverpool. Na ce unguwarmu, kuma da gangan na faɗa. Ku a gida kun san na yi aikin jirgi ina saurayi, ina zuba wa injin gawayi. Abin da ba ku sani ba, garin nan da kike zaune ya zama gidana shekara shida, daga 1940 zuwa 1946. Lokacin da za ki tafi can na so in gaya miki, sai na haɗiye.

Ina da aike. In kin tsaya a layin Nelson, ki ba wa babban cocin nan na kan tudu baya, wanda ake ta gini ba a gama ba, ki gangara wajen ruwa. Daga dandali mai bishiyoyi ki karya dama, ki shiga layin Pitt na sama. Gidaje ne na jan bulo a jere, kafaɗa da kafaɗa, hayaƙi ya mai da su baƙi, kowanne hawa uku da ɗakin ƙasa. Bom ya cinye ƙasan layin a 1941, amma namu ɓangaren ya tsira. Lamba 38 nake nufi. Matakala huɗu ne na dutse, ta biyun ta tsage. A saman ƙofa akwai gilashi mai siffar rabin wata. A ɗakin ƙasa wani mutumin Kanton ke wanki da guga, tururi na fitowa ta ramin taga har kan titi. Hawa na ɗaya da na biyu na 'yan jirgi ne, gado takwas a ɗaki, wani na tashi wani na kwanciya. Ɗakin sama, na ƙarƙashin rufi, shi ne nawa.

Akwai abin da na bari a ɗakin nan. Da safe na fita, ban ɗauka zan daɗe ba. Ki je ki duba mini ko gidan na nan, ki tambayi na ciki ko akwai wanda ya san inda abin ya ƙare.

Baffanki,
Shen Baokang

Liverpool, 3 ga Nuwamba, 1999

Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa. Wasiƙarka ta same ni lafiya, in ban da tarin da ke kama ni duk shekara in ruwan Nuwamba ya sauka. Ka riƙa shafa man nan mai zafi a gwiwa safe da yamma. Zhiwei yana Landan, yana lafiya, in ji shi. Sau ɗaya yake bugowa a wata, rabin maganar ma da Turanci.

Shekara shida, Baffa. Sau uku na karanta layin nan. Ashe ina ta rubuto maka cewa burodin garin nan kaza ne, ruwan samansa kaza ne, kai kuwa kana karantawa kana shiru.

Ƙofar ta iso, da masassaƙanta su ashirin. A bakin layin Nelson ake kafa ta, kusa da tsohon cocin nan baƙi mai ƙubba. Ranar farko na fito da kwandon kayan miya zan tafi gidan tsofaffi inda nake dafa abinci, sai na ji wani daga saman katako yana zagin ɗan'uwansa da harshen garinmu: “Kai, kan tunkiya, wannan ginshiƙin na hagu ne.” Na tsaya cak a tsakiyar titi har mota ta yi mini ƙaho. Shekara goma sha huɗu ina cikin mutanen Kanton da Hong Kong, suna mini dariya in na buɗe baki, ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Washegari na kai musu naman alade da jar miya irin ta gida. Uwargida Fung, abokiyar aikina, ta ce, “Ga 'yan garinku har ashirin an kawo miki a akwati. In ba ki zaɓi miji a ciki ba, to ke ce mai laifi.” Na ce mata mijin da aka kawo a akwati a akwati zai koma.

Ranar Lahadi na je aikenka. Cocin kan tudu an gama shi tun 1978, ka kwantar da hankalinka. Na bi kwatancenka daidai, ban ɓace ba. Sunan layin na nan a jikin allo, amma a ɓangaren da ka ce shi kaɗai ya rage. Ƙananan gidaje ne yanzu, hawa ɗaya ko biyu, bulo sabo, kowanne da ɗan lambu da mota a gaba. A gefen dandali ne na ga irin naka 'yan kaɗan a tsaye, da gilashin rabin wata da matakalan dutse, wasu an toshe tagoginsu da katako. Na ƙwanƙwasa wa wata Baturiya ƙofa. Ta ce ita ba ta san komai ba, abin da ta ji shi ne an rushe tsofaffin gidajen tun kafin a haife ta, aka watsa mutanen zuwa sababbin unguwanni a bayan gari.

To Baffa, ko mene ne ka bari, akwati ne ko agogo ko rigar sanyi, ya daɗe da bin tarkace zuwa juji. Abin da ya yi shekara hamsin da uku ba a neme shi ba, ai ba abin damuwa ba ne. Ka gaya mini ko mene ne in saya maka sabo, in aiko ta hannun masassaƙan nan in za su koma.

'Yarka,
Huilan

Liverpool, 19 ga Disamba, 1999

Baffa,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni tari ya lafa. Sati shida ke nan ban ga amsarka ba, kai da ba ka kwana da wasiƙa. Na karya dokarka na buga waya sau biyu, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ina gaya wa kaina kunne ne, amma hawa na goma sha bakwai, mutum shi kaɗai, zuciya ba ta bar abin da ba ta kawo mini ba.

Na je ɗakin karatu na gari, wani ma'aikaci ya fito mini da tsofaffin hotuna. Ga kofen ɗaya nan na sa maka. Layin Pitt ne kafin yaƙi: shagon kayan abinci da rubutunmu a jikin gilashi, maza sanye da hular malafa a bakin ƙofa, yara a kan matakala, wasu fuskarmu ce da gashin Turawa. Na daɗe ina kallo. Ban san an taɓa yin cunkoso haka a nan ba. Yanzu unguwar ba ta wuce layi ɗaya da rabi ba. Wanda ya samu abin hannu ya koma bayan gari, sai ranar Lahadi su zo sayen shinkafa da miyar waken soya su juya. Ɗakina yana saman wani shago, in ƙarfe huɗu ta yi gari ya yi duhu, ina jin tafiyar mutum ɗaya daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan.

Ƙofa kuwa tana ta tashi. Rufi biyar za ta yi, an fara jera mata tayil, dodanni kuma an ce ɗari biyu ne, masu jikin maciji, ja da kore da ruwan zinariya. Akwai wani dattijo da ke cin abinci a wurinmu, Tsoho Mak, shekararsa tamanin da shida, shi ma tsohon ɗan jirgi ne. Kullum sai ya tsaya ya ɗaga kai ya tofar. Ya ce lokacin da muke dubbai a nan ko allon suna ba a kafa mana ba, sai yanzu da ba mu cika mota biyu ba.

Baffa, in akwai abin da na faɗa da bai yi maka daɗi ba, ka san bakina tun ina ƙarama. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

'Yarka,
Huilan

Shanghai, 9 ga Janairu, 2000

Huilan,

Ina lafiya, ban faɗi ba, ban kwanta ba. Wasiƙunki biyu sun zo. Hoton na ƙasan layin ne, kafin zuwana da 'yan shekaru, amma shagon na san shi, a nan nake sayen busasshen kifi.

Ba ki yi laifi ba. Ni ne na rubuta “abu”, domin hannuna ya ƙi rubuta abin da ya kamata. Mutum biyu na bari a ɗakin nan, mace da jaririya.

Sunanta Bridie Callaghan. Guga take yi a ɗakin ƙasa wurin mai wanki. Jan gashi gare ta, hannayenta duk tabon dutsen guga. Ba ta iya faɗin sunana ba, sai ta sa mini Bob, har 'yan gidan suka ɗauka. Da mahaifinta ya ji tana tare da ɗan Sin, ya ce kada ta ƙara taka masa gida. Ta ɗauko kayanta a jakar takarda ta hawo ɗakin sama. Ba mu je gaban hukuma ba, domin a lokacin macen da ta auri baƙo ita ma baƙuwa take zama a ƙasarta. Ɗakin ba a iya miƙewa tsaye sai a tsakiya. Ta taga ana hango bututun jiragen ruwa, ta nan take gane nawa ya shigo. An haifi yarinyar a watan Maris na 1945. Uwarta ta sa mata Rita.

Shekara biyar muna ɗauko wa Turawa abinci da mai a teku ana harbinmu daga ƙasan ruwa. Da yaƙi ya ƙare, sai aka fara jin wane ya fita bai dawo ba, wane ma haka. Mun ɗauka jirgi suka samu. Wata safiya a farkon 1946 na sauka sayen burodi. Yarinyar tana koyon tsayuwa, tana riƙe da ƙafar gado. Ina dawowa da burodin, a kusurwar layi dab da gida, wasu mutane masu dogayen riguna suka tare ni, da 'yan sanda biyu, suka ce in nuna takarda. Na nuna. Suka ce in hau babbar mota, za a duba a ofis. Ba ofis aka kai mu ba, cikin jirgi aka zuba mu, mun fi ɗari, aka rufe. Burodin nan mu shida muka raba shi. Da aka buɗe mana mu sha iska, ba a ganin ƙasa. Babu wanda ya je ya gaya wa matan.

Daga nan Shanghai na aika wasiƙa uku ta hannun mai rubutun Turanci, ban samu amsa ba. Na nemi jirgin da zai koma, ba a ɗauke ni ba. Sai 1949 ta zo, mulki ya canja hannu, kin san abin da wasiƙa zuwa ƙasar waje ke jawo wa mutum a lokacin. Na auri gwaggonki a 1953. Hoto ɗaya gare ni na su biyun, a 1966 na sa shi a murhu da hannuna, ranar da 'yan juyin juya hali ke bincike gida-gida a lungunmu. Gwaggonki ta rasu ba ta sani ba.

Kin rubuta cewa abin da ba a nema ba shekara hamsin da uku ba abin damuwa ba ne. Na ajiye takardar a aljihun tebur, na kasa amsawa, domin rabin maganar gaskiya ce: ban nema ba.

Ba na so a kira ni uba. In Bridie na da rai ta kai saba'in da bakwai. Abin da nake so a gaya musu shi ne ban gudu ba.

Baffanki,
Shen Baokang

Shanghai, 20 ga Fabrairu, 2000

Huilan,

Ina yi miki barka da sabuwar shekararmu ta Sinawa, da fatan kin ga ta lafiya. Ni na yi tawa a nan. Na sayi wainar shinkafa mai zaƙi, na soya yanka biyu, sauran tana nan ta bushe. Da safe na leƙa ƙasa na ga titi ya yi ja da ɓawon abin fashewa, masu shara kamar tururuwa.

Sati shida ke nan da na aiko miki da waccan wasiƙar. Na ƙidaya kwanakin zuwa da na dawowa, na ƙara na hutun shekara, duk da haka ta wuce lokaci. Na fahimta. Gwaggonki ce ta riƙe ki shekara huɗu lokacin da gwamnati ta tura iyayenki aiki ƙauye, ita ta yi miki kitso, ita ta koya miki girkin da kike ci da shi yanzu. Kin ji cewa mutumin da ke zaune a kan teburin nan yana ɓoye mata mace da 'ya. In kin ji ƙyama, kina da gaskiya.

Ki bar neman. Ban kyauta ba da na ɗora miki. Ki ƙona takardar in kina so. Abu ɗaya nake roƙo, ki riƙa aiko mini da labarin lafiyarki ko sau biyu ne a shekara. Ba ni da wani mai rubuto mini.

Baffanki,
Shen Baokang

Liverpool, 4 ga Maris, 2000

Baffa,

Ina gaishe ka, ina lafiya. Jiya wasiƙarka ta biyu ta zo, na zauna a kan matakala na karanta na yi kuka. Ba ƙyama ba ce, kunya ce. Na tuna na ce zan saya maka sabo, na rasa da wace fuska zan rubuto maka hannu wofi. Na ce sai na samo wani abu. Ban yi tunanin yadda shirun zai zo maka ba, ni da na ɗanɗana naka. Maganar Gwaggo kuwa tana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma wannan tsakanina da kai ne, wata rana.

Ka zauna kafin ka ci gaba. Na samo Rita.

Tsoho Mak na fara tambaya, bayan an kwashe kwanuka. Ya ajiye sandunan cin abinci ya ce, “Bob mai gawayi? Dogon nan ɗan Shanghai da bai iya caca ba?” Ya ce yana ɗakin ƙasa wurin mai wanki a safiyar, ta ramin taga ya ga ƙafafunku da tayar mota. Kwana uku ya yi a bayan tulin zannuwa bai fito ba. Ya ce ya gaya wa Bridie abin da ya gani, ta bi ofis-ofis da goyo, kowa ya ce ba ya da labari, ita kuma ba matarka ba ce a takarda. Daga baya aka yi ta cewa da kanku kuka hau jirgi, har ta rasa wanda za ta yarda da shi. Shekara huɗu ta yi a ɗakin saman. Sannan ta auri wani ɗan dakon tashar jirgi mai suna Doyle, da aka rushe layin suka koma Kirkby. Baffa, ta rasu a 1988. Wasiƙunka ko sun zo ko ba su zo ba, babu wanda ya sani.

Rita ta zo jana'izar matar Mak, saboda ƙawar uwarta ce, don haka 'yarsa na da lambarta. Na buga. Da na faɗi abin da ke tafe da ni ta ce, “Mahaifina sunansa Doyle, yana maƙabarta,” ta ajiye. Kwana goma sha biyu ina zaune. Ranar Lahadi bayan bikin shekara, an share titi, an cire katakai daga jikin babbar ƙofar nan, sai aka danna ƙararrawata. Na sauko na ga doguwar mace da rigar ruwa. Ba ta faɗi sunanta ba, ban kuma tambaya ba. Goshin babana ne, da kunnuwanku.

Abinci take dafa wa yara a wata makaranta, ka ji, irin aikina. 'Ya'yanta uku, jikoki biyu. Ta ce in ban da jana'izar nan ta yi shekara talatin ba ta tako unguwar ba. A makaranta yara sun yi ta ja mata ido da yatsa, a gida kuma mijin uwarta ya hana a ambaci maganar. Na zuba mata shayi ba ta taɓa ba. Na aika aka kira Mak, ya hawo yana zagin matakalata ɗaya bayan ɗaya.

Na fara fassara mata wasiƙarka. Ban yi nisa ba ta ce, “Duk namijin da ya gudu yana da labari.” Mak ya ba ta nasa da Turancinsa na bakin ruwa, ta saurara fuska a ɗaure. Na ci gaba. Da na zo wurin burodi sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta tashi ta je taga ta ba mu baya, ta daɗe. Daga can ta ce sau ɗaya tak uwarta ta yi maganarka, tana kwance a asibiti, ta ce, “Ya fita sayen burodi.” Ita Rita ta ɗauka baƙar magana ce irin ta matan da aka gudu aka bari. Shekara goma sha biyu tana ɗauka haka.

Ta tambaya ko kana da wasu 'ya'ya. Na ce ba ku samu haihuwa ba. Sai a nan ta sha shayin, ya riga ya huce.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Ta ce ba za ta rubuto ba yanzu, ba ta kuma san ko za ta taɓa yi ba. Amma ta ba ni abu uku, na rubuta su a gabanta. Na ɗaya: ta yarda an ɗauke ka, amma ƙasarku ta buɗe shekara ashirin ke nan, ni kuma shekarata goma sha huɗu a nan, me ya hana ka? Na biyu: da wane suna kake kiran ta? Na uku: tana son hoto. Ta ce kada a nemo na samartaka, na yanzu take so.

Na raka ta zuwa mota. Ta tsaya ƙarƙashin ƙofar ta ɗaga kai ta ce da uwarta na nan da ta ce fentin ya yi yawa. Ta karɓi lambata.

'Yarka,
Huilan

Shanghai, 19 ga Maris, 2000

Huilan, 'yata,

Na gode. Ina lafiya. Kwana biyu na yi ban iya cin abinci ba bayan wasiƙarki, yanzu ina ci. Na sayi turare na ƙona wa Bridie, ko da yake na san ba al'adarsu ba ce. Ki gaishe mini da Mak. Ki ce masa gaskiya ne ban iya caca ba, amma shi ma bai iya ba, maguɗi ya iya.

Ga amsoshin. Ki fassara mata yadda na rubuta, kada ki sa musu sukari.

Na ɗaya. Da farko an hana ni. Daga baya tsoro ne, kuma tsoron na gaske ne. Amma da tsoron ya wuce, ba abin da ya hana ni sai ni. Ina da mace a gida da ta yi mini alheri, na zaɓi zaman lafiyar gidana. Na kuma ji tsoron a ce mini sun mutu, na ji tsoron a ce mini suna nan ba sa son jin sunana. Muddin ban tambaya ba, suna ɗakin sama yadda na bar su. Ranar da aka sa Huilan a jirgi na san ina da 'yar aike, na yi shiru shekara goma sha huɗu. Wannan ba a ɗora wa masu dogayen riguna ba, nawa ne.

Na biyu. Nannan nake ce mata, yadda ake kiran kowace jaririya a garinmu. Ban sa mata suna na gaske ba, domin a gidanmu kaka ke zaɓa. Da aka buɗe hanyar wasiƙa bayan yaƙi na rubuta wa babana, ina jiran amsa aka ɗauke ni. Da na iso ya ce ai ya aika tuni, mun yi saɓani da ita a teku. Shi kaɗai ya san maganar, ya kuma tafi da ita kabari. Sunan da ya zaɓa Huiying. Hui ɗin irin naki ne, na duk 'yan matan zamaninku a gidanmu. Na rubuta shi da manyan baƙi a wata takarda daban. In ba ta so, ki ajiye a wurinki.

Na uku. Jiya na sa kwat ɗina na sauka wurin mai hoto a kasuwar ƙasan bene. Ta yi ta yi mini alama da hannu in yi murmushi. Haƙorana na gaba sun zube tun bara, na ga bai kamata wannan ya zama abin da za ta fara gani ba, sai na rufe baki. Da aka wanko na ga na fito kamar mai shirin faɗa. Ki gaya mata ba fushi nake ba.

Na sa an wanke biyu. Ɗayan naki ne, in kina so.

Baffanki,
Shen Baokang